Tangaran Mai Tare Wuta da Mai Ba Ta Hanya: Wanne Ne Rabon Kazaure da Babura?

A ƙarshen watan Yuli na 2023 wasu masu bincike a Koriya ta Kudu suka ba da sanarwar cewa sun haɗa wani tangaran mai suna LK-99, wanda a cewarsu wutar lantarki ke bi ta cikinsa ba tare da asarar komai ba, kuma ba sai an sanyaya shi ba. Cikin 'yan kwanaki labarin ya zaga duniya, hannun jarin wasu kamfanoni ya tashi, aka yi ta cewa matsalar wuta ta zo ƙarshe. Kafin watan Agusta ya fita, ɗakunan bincike a Jamus da Sin da Indiya da Amurka sun sake haɗa abin da hannunsu, suka tarar ba haka ba ne. Wani gurɓi na jan ƙarfe da farar wuta da ya cakuɗe a ciki ne ya ruɗi masu awon farko. Sai dai ƙaryatawar ba ta yi nisan da sanarwar ta yi ba, shi ya sa har yanzu akwai masu zaton an riga an gano wayar da ba ta cin wuta, ana dai ɓoye ta ne.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Roni ko Gwiwa da gardamar masana a Koriya. Da ruwansa kuwa. A wannan yanki ne Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu take a Kazaure, wadda jiha ta kafa a 1991, gwamnatin tarayya ta karɓa a 2007, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. A Gwiwa aka ware fili don shirin tashar wutar hasken rana mai megawat 1,000, wanda Bankin Raya Afirka ya amince da tallafin dala miliyan 1.5 don share masa fage a 2018. Ƙasar Kazaure da Roni kuma tana cikin wuraren da ake ambata idan ana lissafa farar ƙasa da farin dutse na Jihar Jigawa. Inda makaranta da ma'adini da buƙatar wuta suka haɗu, dole wata rana a yanke shawarar inda za a zuba kuɗi da basirar matasa, kuma shawarar da aka gina a kan ruɗani asara take haifarwa. Akwai masu ganin maganar tangaran ba ta wuce kofin shayi da tayil ɗin banɗaki ba, don haka bai kamata jami'a ta ɓata lokaci a kanta ba. Akwai kuma masu ganin tunda muna da farar ƙasa, gobe ma sai mu fara ƙera wayar da ba ta asara. Duka biyun sun kauce hanya. Tangaran mai tare wuta, wanda jarida ba ta damu da shi ba, shi ne ya riga ya shiga rayuwarmu, kuma ta wajensa ne ake da ƙofar da Kazaure da Babura za su iya shiga da ƙafarsu.

Ma'anar kalmomin

Siramik, wanda za mu kira tangaran a nan, shi ne duk abin da aka haɗa daga garin ƙasa ko na dutse ko na sinadari, ba ƙarfe ba, ba roba ba, aka siffanta shi, sannan aka gasa da wuta mai tsanani har ƙwayoyin garin suka manne suka zama abu guda mai tauri. Tukunyar da magina ke ƙonawa ita ce tushensa. Na zamani ya bambanta ne domin garinsa tatacce ne, an san abin da ke cikinsa har kashi ɗaya cikin dubu, an kuma san zafin da za a gasa shi da tsawon lokacin da zai yi a wuta.

Jan ƙarfe da alminiyam suna barin lantarki ya wuce, shi ya sa ake yin waya da su, amma ba a kyauta yake wucewa ba. Yana gamuwa da turjiya, wato ɗan cijewar da ƙarfen ke yi, sai wani ɓangarensa ya koma zafi. Turjiyar nan ce ke sa waya ta yi ɗumi idan aka jona mata hita, ita ce kuma ke sa wuta ta isa ƙauyen da ke ƙarshen layi a raunane. Sufakondakta shi ne abin da idan aka sanyaya shi ya wuce wani mataki, turjiyarsa kan ɓace gaba ɗaya. Wutar da aka sa ta zagaya zoben irin wannan abu za ta yi shekaru tana zagayawa ba tare da batir ba. Yana da alama ta biyu, wadda Walther Meissner da Robert Ochsenfeld suka gano a Jamus a 1933: yana korar ƙarfin maganaɗisu daga cikinsa. Masana ba sa yarda da kowane da'awa sai sun ga alamun biyu tare, kuma a nan LK-99 ya faɗi.

Dayalektirik kishiyar wannan ne. Ba ya barin wuta ta ratsa shi, amma idan aka sa shi tsakanin faranti biyu na ƙarfe masu caji, yakan riƙe ƙarfin lantarkin a jikinsa. Aikinsa biyu ke nan, tarewa da adanawa. Mai tarewa shi ake kira insuleta. Mai adanawa shi ne kapasita, wanda matsayinsa a cikin na'ura irin na randa ne a gidan da famfo ke zuwa yana ɗaukewa: ya tara idan ta zo da yawa, ya bayar idan ta yi ƙasa.

Mai son ganin waɗannan abubuwa da idonsa ba sai ya je Japan ba. Ya tsaya wurin mai gyaran babur a Kazaure ya karɓi fulogi ya duba farin wuyan nan mai santsi. Tangaran ne na alumina, yana tare wutar da ta haura bolt 10,000 a bakin injin da ke ƙuna, bai narke ba, bai yi yoyo ba. Ya ɗaga kai ya dubi falwaya, zai ga faya-fayen nan masu ruwan ƙasa da ke riƙe waya: kimanin uku a jere a layin bolt 33,000, tara ko goma a na 132,000, kusan ashirin a na 330,000. Ya leƙa teburin mai gyaran wayar hannu, a ƙarƙashin madubin ƙara girma zai ga 'yan mitsi-mitsin tubala masu launin ƙasa-ƙasa, ba rubutu a jikinsu, wasu tsawonsu bai kai rabin milimita ba. Kapasitocin tangaran ke nan, kuma ɗaya daga cikinsu idan ya ƙone ya haɗe, wayar duka sai ta ƙi kamawa.

Yadda aka kai ga mai adana wuta

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya matsa aka yi wannan ƙirƙira. Kafin lokacin, kapasitocin rediyo da na na'urar hango jiragen sama da mika ake yin mafi kyawunsu, wani ma'adini mai ɓarewa falle-falle, wanda akasarinsa daga Indiya ake ɗauko shi ta teku. Da yaƙi ya sa jigila ta yi wuya, masana suka bazama neman madadi, kuma kafin a kai ƙarshen 1945 masu bincike a Amurka da Tarayyar Sobiyet da Japan, kowa na aiki a ɓoye, duk sun faɗa kan abu ɗaya, wato bariyam taitanet, gaurayen bariyam da taitaniyam da iskar oksijin. Idan aka ba iska maki 1 wajen iya adana caji, mika na samun wajen 7, shi kuwa wannan ya haura 1,000. Sirrin yana cikin yadda ƙwayoyin zarrarsa suka jeru, tsarin da ake kira ferofskait, sunan wani ma'adini da aka samo a duwatsun Ural na Rasha a 1839. Ƙwayar taitaniyam da ya kamata ta zauna a tsakiya ta ɗan goce gefe, kuma lantarki kaɗan ya isa ya tura ta nan ko can.

Daga baya aka koyi shimfiɗa garin ya zama fallaye, a shafa wa kowanne ƙarfe, a jera ɗaruruwa a kan juna, a yanka, a gasa. A yau kaurin falle ɗaya kan gaza kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Babbar wayar hannu na ɗauke da kimanin 1,000 daga cikin waɗannan, motar lantarki kuwa tana iya cin 10,000, kuma kamfanoni 'yan ƙalilan ne ke riƙe da kasuwar: Murata da TDK da Taiyo Yuden na Japan, Samsung na Koriya ta Kudu, Yageo na Taiwan. Dangin wannan abu suna da yawa. Akwai PZT, wanda aka ƙirƙira a farkon shekarun 1950, mai fitar da lantarki idan aka matsa shi, mai kuma motsi idan aka ba shi lantarki. Shi ne a bakin na'urar da ake yi wa mai juna biyu hoton ciki a asibiti, shi ne kuma ke ba da tartsatsi a abin kunna gas. Akwai tangaran na zink da aka gano a kamfanin Matsushita na Japan a 1968, wanda ke tare wuta muddin ba ta wuce ƙa'ida ba, idan tsawa ta faɗo kuma sai ya buɗe ya zubar da ita ƙasa. Shi ne a cikin makarin tsawa da ke tsare taransifoma da damina.

Abin da ya faru a 1986

Heike Kamerlingh Onnes ne ya fara ganin turjiya ta ɓace, a birnin Leiden na ƙasar Holan a 1911, cikin zaiba da ya sanyaya zuwa digiri 269 ƙasa da sifili. Irin wannan sanyi ba a samunsa sai da ruwan iskar hiliyam, mai tsada da wuyar adanawa. Shekara sittin da ɗoriya ana lalube cikin ƙarafa, abin da aka iya kaiwa a 1973 shi ne digiri 250 ƙasa da sifili, daga nan aka tsaya cik. Bayanin da John Bardeen da Leon Cooper da Robert Schrieffer suka bayar a 1957, cewa ƙwayoyin lantarki kan haɗu bibbiyu su wuce ba karo, ya sa da yawa sun ɗauka ba za a yi nisa da wannan iyaka ba. Kusan ba wanda ya yi tunanin neman amsa a cikin tangaran, abin da kowa ya sani da tare wuta.

Georg Bednorz da Alex Müller, ma'aikatan ɗakin binciken IBM da ke kusa da Zurich a Suwizalan, su suka yi wannan tunani, kuma dalilin da ya sa suka iya shi ne gaɓar da ta fi muhimmanci a labarin. Müller ya yi shekaru masu yawa yana nazarin tangaran masu tsarin ferofskait, musamman sitronshiyam taitanet, ɗan'uwan bariyam taitanet, shi ma Bednorz a kan irinsu ya ƙware. Sun san yadda ake auna garin, da niƙa shi, da gasa shi, da yadda ɗan canji a haɗi ke sauya halinsa. Sun fi shekara biyu suna gwaji da haɗin nikel ba nasara, sai suka ci karo da aikin wasu masana na birnin Caen a Faransa kan haɗin lantanam da bariyam da jan ƙarfe. A farkon 1986 suka ga turjiya ta fara zubewa a wajen digiri 238 ƙasa da sifili. Shekara guda bayan haka aka ba su kyautar Nobel. A farkon 1987 ƙungiyar Paul Chu a Houston da ta Maw-Kuen Wu a Alabama suka musanya lantanam da itiriyam, suka samu YBCO, mai aiki a digiri 180 ƙasa da sifili. Wannan ya sauya lissafi, domin ruwan naitirojin, wanda ke tafasa a digiri 196 ƙasa da sifili, ya isa ya sanyaya shi, kuma daga iskar da muke shaƙa ake tace shi. Shi ne wanda ake adana maniyyin bijimai a ciki wajen barbarar shanu ta zamani. A 1988 Hiroshi Maeda a Japan ya kai digiri 163 ƙasa da sifili da haɗin bismut, a 1993 kuma aka kai 140 a Zurich da haɗin zaiba. Hanyar da ta kai ga sufakondakta na tangaran ta biyo ne ta ɗakin masu nazarin tangaran mai tare wuta.

Me ya hana shi hawa falwaya

Kusan shekara arba'in ke nan, amma wayar da ke kai wuta gidaje a Jamus da Japan har yau ta alminiyam da jan ƙarfe ce. Tangaran ba ya lanƙwasuwa, karyewa yake, ita kuwa waya dole ta naɗu. Ƙwayoyinsa kuma sai sun fuskanci gefe guda kafin wuta mai yawa ta tsallaka daga wannan zuwa wancan. Dabarar da aka samu ita ce a dura garin cikin bututun azurfa a murje, ko a shafa shi siriri ƙwarai a kan ƙyallen ƙarfe da aka shirya musamman, kuma duka biyun suna da tsada. An shimfiɗa kebul mai tsawon kilomita 1 a birnin Essen na Jamus a 2014, da wani mai kilomita 1.2 a Shanghai a 2021, a tsakiyar birane masu cunkoso inda ba filin ƙara layi. Irin wannan kebul sai da injin sanyaya da ba ya tsayawa dare da rana. Na'urar MRI ta asibiti, wadda ita ce babbar kasuwar sufakondakta, har yanzu akasari da ƙarfen nayobiyam da taitaniyam da ruwan hiliyam take aiki. Inda sabon tangaran ya fi nuna alamar makoma shi ne maganaɗisu masu tsananin ƙarfi, irin wanda aka gwada a jami'ar MIT ta Amurka a 2021. Batun aiki a zafin ɗaki kuwa, an kai digiri 70 ƙasa da sifili a Mainz a 2015, amma a ƙarƙashin matsi da ya ninka na iskar duniya fiye da sau miliyan, kuma mujallar Nature ta janye takardu biyu, a 2022 da 2023, da suka yi iƙirarin kaiwa zafin ɗaki.

Ko da a ce an ba Nijeriya irin wannan waya kyauta, ba za ta taɓa asalin ciwonmu ba. Abin da babban layin ƙasa ke rabawa yakan tsaya tsakanin megawat 4,000 da 5,000 ga mutane fiye da miliyan 200. Asarar da ake yi a manyan layuka ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. Asarar kamfanonin rarrabawa, wadda kan zarce kashi 30, akasarinta daga rashin mita ne, da satar wuta, da kuɗin da ba a biya ba, da taransifoma da aka ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinta, da siririyar waya, da tsagaggen insuleta. Abin da ke buƙatar sanyi marar yankewa ba zai zama maganin wurin da wutar ce ke yankewa ba.

Farar ƙasa ba ita kaɗai ba ce

A nan masu cewa muna da ma'adinai ke da rabin gaskiya. Akwai barait, tushen bariyam, a Azara ta Jihar Nasarawa. Akwai ma'adinan taitaniyam da nayobiyam da itiriyam a tarkacen haƙar kuza na Jos. Amma tsakanin dutsen da aka haƙo da garin da ake yin kapasita da shi akwai masana'antar sinadarai sukutum. Garin sai ya kai tsarkin kashi 99.9 cikin 100, ƙwayoyinsa kuma ƙanana ne da madubin ɗakin gwaji na yau da kullum ba ya rarrabe su. Farar ƙasa ma ba ta cikin haɗin bariyam taitanet ko na YBCO ko kaɗan. Wanda ya ce farar ƙasar Roni za ta zama sufakondakta bai san haɗin ba.

Inda farar ƙasa ke sarauta shi ne insuleta. Haɗinsa sananne ne tun fiye da ƙarni guda: kimanin rabi farar ƙasa da yumɓu mai danƙo, rubu'i felsifa, rubu'i kwaz, wato farin dutsen nan mai ƙyalli. Yumɓu ke ba da damar siffantawa, kwaz ke zama ƙashi, felsifa kuma ke narkewa a wuta ya cike ƙofofin da ke tsakani. Ana gasa shi a zafin digiri 1,200 zuwa 1,300. Ƙunar tukwane ta gargajiya, da kara da itace da kashin shanu a fili, ba ta cika wuce digiri 900 ba, shi ya sa randa ke tsattsafo da ruwa har ta sanyaya shi. Tsattsafon da ake so a randa shi ne halaka a insuleta, domin laima kaɗan a cikinsa ta isa ta ba wuta hanya. Don haka ake fasa samfur, a jiƙa gutsattsarin a jan rini a ƙarƙashin matsi, a sake fasawa a duba, kuma ko ɗigon rini aka gani a ciki an yi watsi da shi. Ƙasar da ke da ƙarfe da yawa a cikinta ma sai an wanke an tace kafin ta yi amfani. Tudun Kazaure da Roni na kan tsofaffin duwatsu masu jijiyoyin kwaz, Ƙanƙara ta Jihar Katsina da Alkaleri ta Bauchi sun yi suna da farar ƙasa, kuma tun 1951 da Michael Cardew ya zaɓi Abuja ta da, Suleja ta yanzu, don kafa cibiyar koyar da ginin tukwane, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, aka tabbatar ana iya gasa ƙasar Arewa a babban zafi ta fito da tauri da ƙyalli. Duk da haka, akasarin insuletan da ke kan layukanmu daga ƙasashen waje ake shigo da su.

Abin da masu ja ke cewa

Ja na farko mai nauyi ne: duniya na komawa ga insuleta na roba da na gilas, to don me za mu shiga sana'ar da ake fita? Gaskiya ne na roba ya fi sauƙin ɗauka, ba ya fashewa idan yaro ya harbe shi da danƙo, kuma ya samu kasuwa sosai a manyan layuka. Amma roba na tsufa a ƙarƙashin rana mai zafi, tangaran kuwa yakan yi shekaru arba'in ko fiye yana aiki. Ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan insuleta, wadda yayyafin farko ke mayarwa laka mai ɗaukar wuta, matsala ce da ta shafi kowane iri, kuma ba wanda ya fi cancanta ya auna ta ya tsara siffar da ta dace da ita kamar mai zaune a cikinta. Ban da haka, ƙananan insuleta na layin bolt 415 da na 11,000, da na wayar ɗaure falwaya, da mazaunin fis, har yau tangaran na da babban rabo a cikinsu, kuma su ne ƙauyuka ke ci da yawa.

Ja na biyu ya fi na farko ƙarfi: kayan Sin da Indiya sun fi araha, kuma tanderu na cin makamashi. Masana'antar tangaran ta Umuahia, wadda aka kafa da kyakkyawan fata bayan samun 'yancin kai, ta durƙushe, kuma ba ita kaɗai ba. Wannan ja ba a amsa shi da kishin ƙasa, sai da lissafi. Insuleta kaya ne mai nauyi da arha, kuɗin jirgin ruwa da na mota daga Legas zuwa Kano da canjin dala duk suna hawa kansa, abin da ke ba na gida ɗan rata. Masana'antun tayil da ke aiki a Ajaokuta sun nuna cewa inda aka samu gas, gasa tangaran a Nijeriya na iya biyan kansa. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai kilomita 614, da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da ya ratsa ta Kazaure, su ne za su yanke hukuncin ko babbar masana'anta za ta yiwu a nan. Kafin su tabbata, gina ta ganganci ne. Amma ɗakin gwaji ba ya jiran bututu, kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: mai zuba jari ba zai zo ba sai ya ga sakamakon awo a rubuce.

Ja na uku daga malamai da ɗalibai yake fitowa, kuma yana da daraja: don me za a ce yaron Babura ya tsaya a kan fayafayan falwaya alhali takwaransa na Koriya na neman kyautar Nobel? Ba a ce ya tsaya ba. YBCO ma ba ya gagarar ƙaramin ɗakin gwaji: gari uku ake aunawa, a niƙa, a gasa a wajen digiri 950, a bar shi ya huce a hankali cikin iskar oksijin. Ɗaliban sakandare a Amurka sun haɗa shi tun 1987. Ya kamata kowane ɗalibin kimiyyar lissafi da injiniya a Babura da Kazaure ya haɗa shi da hannunsa, ya ga maganaɗisu ya tashi a kansa. Tanderun da ma'aunin da turmin niƙan da za su yi wannan su ne dai za su gwada farar ƙasa. Hannun da ya saba da auna gari da sarrafa zafi da rubuta sakamako ba ƙari ba ragi shi ne irin hannun da Bednorz da Müller suka zo da shi. Abin da bai kamata ba shi ne a ɗauki kasafin da bai taka kara ya karya ba a zuba shi a gasar da masu biliyoyin daloli ke yi, a bar abin da ke ƙarƙashin ƙafa.

Akwai kuma haɗarin da ya wajaba a faɗa tun yanzu. Ƙurar kwaz na lalata huhun mai niƙa ta ba kariya, kuma PZT fiye da rabin nauyinsa dalma ce. Arewa ta ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 sanadiyyar niƙa dutse a cikin gida. Haƙa da niƙa ba ƙa'ida a ƙauyukan Roni zai iya jawo ciwon da ya fi ribar yawa.

Abin da ya rage a yi

Idan shirin Gwiwa ya tabbata, ko aka ci gaba da kai wuta ƙauyukan masarautar Kazaure da na Babura, za a sayi insuleta da makaran tsawa dubbai, ko daga ina suka fito. Tambayar ita ce ko wani kaso na kuɗin zai tsaya a gida. Matakin farko bai fi ƙarfin asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ba: tanderu mai kai digiri 1,300, injin niƙa, da na'urar gwajin babbar wuta, a ajiye su wuri guda da kwalejin Kazaure da jami'ar Babura za su yi tarayya a kai, tare da neman gogewar sashen tangaran na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Gwamnatin Jigawa ta ɗauki nauyin awon farar ƙasa da kwaz da felsifa na yankin rami-rami, ta buga sakamakon kowa ya gani, mai kyau da marar kyau. Kamfanin KEDCO, mai raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, ya ware ɗan gajeren layi na ƙaramar wuta inda za a ɗaura samfurin da ya ci gwajin hukumar kula da ingancin kaya ta SON, a bar shi ya sha hunturu biyu da damina biyu, sannan a sauko da shi a sake aunawa.